Ma'aikata sun ɓata sunan kamfanina a intanet: in nemo su ko in yi ƙara?

Assalamu alaikum. Ni ce na kafa kuma nake shugabantar wani kamfanin rarraba kayayyaki mai ma'aikata kusan sittin. A 'yan watannin nan an rubuta sharhi uku a kanmu a shafin Glassdoor, inda ma'aikata ke rubuta ra'ayinsu a kan wuraren aikinsu, babu wanda ya sa sunansa, kuma duka ukun tauraro ɗaya cikin biyar suka ba mu. Sun ce albashi yana makara, sun ce ɗaya daga cikin manajojinmu yana dizga na ƙasa da shi a gaban jama'a, sun ce ƙarin girma sai 'yan gaban goshi, ɗaya ma har ya ce muna cire wa ma'aikata kuɗin fansho ba ma zubawa a asusunsu, wanda wannan ƙarya ce tsagwaronta. Albashi kam ya makara a bara lokacin da abokan cinikinmu suka riƙe mana kuɗi, amma kowa an biya shi. Har yanzu ba mu ce komai ba. Wata ƙwararriyar akanta da muka yi wa tayin aiki ta janye, ta ce ta karanta abin da aka rubuta. Ina zargin wani matashi da muka sallama, da wata ma'aikaciya a sashen kuɗi wadda har yau take cin albashina. Mataimakina ya ce a binciki kwamfutocin ofis a gano mai laifin, lauya ya rubuta wa shafin takardar barazana, sannan a sa ma'aikata su shiga su rubuta yabo don ya danne sukar. Abin ya hana ni barci. Me kuke gani?

Wata mai kamfani

Wa alaikumus salam, Hajiya.

Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma na fahimci inda abin yake miki ciwo. Wanda ya gina abu da hannunsa tun daga tushe, ya sha kwana yana lissafin yadda zai biya mutane a watan da kuɗi ba su shigo ba, ba ƙaramin zafi zai ji ba idan ya wayi gari ya ga wani da ya ɓoye fuskarsa ya taƙaita wannan wahala duka da tauraro ɗaya. Ba zan ce miki kada ki ji haushi ba. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki yanke hukunci cikin haushin, domin shawarwarin nan da mataimakinki ya kawo, duk da na yarda da kyakkyawar niyya ya kawo su, kowacce a cikinsu za ta iya jawo wa kamfaninki ɓarnar da ta fi ta sharhin uku a haɗe.

Ki fara da duban akantar da ta janye, domin ita ce ta nuna miki su waye ya kamata ki damu da su. Wanda ya rubuta sharhi ya riga ya amayar da abin da ke cikinsa ya wuce, kuma da wuya wani abu da za ki yi ya sauya masa ra'ayi. Masu karantawa su ne abin lura. Akwai masu neman aiki irin wannan baiwar Allah, waɗanda ba su san ki ba sai abin da suka gani a rubuce, akwai kuma mutum sittin ɗin da ke shigowa ofishinki kowace safiya, waɗanda ki tabbata sun riga sun karanta, sun tura wa juna a waya, yanzu kuma sun zuba ido su ga yadda za ki yi. Mai neman aiki da ya san abin da yake yi ya san babu wurin aikin da ba a kuka da shi, ya kuma san wanda aka ɓata wa rai ya fi wanda ya gamsu saurin zama ya yi rubutu. Abin da yake dubawa shi ne ko kuka iri ɗaya ne yake maimaituwa, da kuma yadda shugabannin wurin suka karɓe shi. Ita akantar ta ga mutum uku sun faɗi kusan magana ɗaya, ta duba ƙasa ba ta ga ko uffan daga bakin kamfani ba, sai ta ɗauka an yi shiru ne don babu abin cewa.

Batun nemo wanda ya rubuta shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Kin ambaci mutum biyu da kike zargi, ba ki kuwa kawo hujja a kan ko ɗaya ba. Ki yi tunanin ma'aikaciyar nan ta sashen kuɗi. Idan ba ita ba ce, to kin riga kin fara ɗaukar alhakinta a zuci, kuma zargi ba ya ɓoyuwa: zai fito a yadda kike amsa gaisuwarta, zai fito ranar da aka tsallake sunanta wajen zaɓen waɗanda za a tura horo, zai fito ranar da ɗan kuskurenta ya zama takardar tuhuma alhali irinsa na wani an kau da kai. Idan kuwa ita ce, me za ki yi da wannan sanin? Za ki kore ta ne saboda ta ce albashi ya makara, bayan ke da bakinki kin ce ya makara? Ki yi haƙuri in ƙara da cewa albashin da take karɓa ladan guminta ne, ba kyauta kike ba ta ba, kuma bai sayi bakinta ba. Ranar da aka ga ana bi tebur-tebur ana buɗe kwamfutocin mutane, ranar kowa a kamfanin zai kama bakinsa a gabanki, kuma sharhi na huɗu da zai biyo baya ba zai tsaya a kan albashi ba, cewa zai yi kamfanin yana yi wa masu ƙorafi bita-da-ƙulli. Wannan tabon ya fi wuyar gogewa, domin a lokacin maganar ta zama gaskiya, kuma ma'aikatanki duka shaidu ne. Ga shi binciken ma ba lallai ya haifar da komai ba, tunda mai irin wannan rubutu yawanci da wayarsa yake yi a gida.

Akwai kuma doka, wadda a ƙasashe da yawa tana bayan ma'aikaci a irin wannan hali. A Amurka, dokar ƙwadago ta 1935 ta ba ma'aikata, har da waɗanda ba sa cikin wata ƙungiyar ƙwadago, 'yancin haɗa kai su tattauna albashi da yanayin aikinsu, kuma hukumar da ke kula da dokar ta sha yanke cewa wannan kariya tana iya shafar abin da suke faɗa a kafafen sada zumunta. A Birtaniya akwai dokar 1998 da ke kare ma'aikacin da ya kwarmata ɓarna a wurin aikinsa. Idan za ki kira lauya, to wannan ce tambayar da ta kamata ki fara yi masa: me dokar ƙasarki ta ce a kan hukunta ma'aikaci saboda ƙorafi, kuma me ta ce a kan binciken na'urorin da yake aiki da su.

Takardar barazana kuwa, ki fara sanin abin da doka take kira ɓata suna. Kusan ko'ina ana bambanta ra'ayi da da'awar cewa wani abu ya faru. Wanda ya ce wurin aiki ba shi da daɗi, ko shugabanni suna da son kai, ra'ayinsa ya faɗa. Wanda ya ce albashi ya makara ya faɗi gaskiya, gaskiya kuwa kariya ce a gaban kotu. Cikin duk abin da kika lissafa, maganar fansho ce kaɗai da'awar da za a iya gwadawa da takardu a ce ƙarya ce, kuma ko ita hanyar shari'arta doguwa ce. A Ingila da Wales, dokar ɓata suna ta 2013 ta ce kamfani mai neman riba sai ya nuna maganar ta jawo masa, ko tana iya jawo masa, babbar asarar kuɗi kafin ƙararsa ta tsaya. Glassdoor kamfanin Amurka ne, kuma sashe na 230 na wata dokar ƙasar ta 1996 ya kare irin waɗannan shafuka daga ɗaukar alhakin abin da jama'a suka rubuta a cikinsu, ga shi an san shafin da zuwa kotu don kare sirrin masu sharhinsa.

Ba na cewa ba a taɓa cin nasara ba. A shekarar 2024 wata babbar kotu a Hamburg da ke Jamus ta yanke cewa shafin Kununu, wanda ke irin wannan aiki a can, ko dai ya bayyana wa kamfani wanda ya yi sharhin da ake jayayya a kai ko ya cire shi. A 2022 kuma wata kotun tarayya a Kalifoniya ta umarci Glassdoor ya ba kamfanin kayan wasan yara na Zuru bayanan waɗanda suka soke shi, domin kamfanin yana son yin ƙararsu a Niyu Zilan. Amma ki duba abin da ya biyo bayan wannan nasarar ta Zuru: jaridun ƙasashe daban-daban suka ɗauki labarin, suka buga kalaman sukar a shafukansu, mutanen da ba su taɓa jin sunan kamfanin ba suka fara saninsa a matsayin wanda ke farautar tsofaffin ma'aikatansa. Glassdoor ma kan manna sanarwa a shafin kamfanin da ya ɗauki matakin shari'a a kan masu sharhi, ta yadda duk mai neman aikin da ya shigo da ita zai fara cin karo. Irin haka ta faru da mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand a 2003, lokacin da ta yi ƙarar wani mai ɗaukar hoto don a cire hoton gidanta daga intanet. Kafin ƙarar sau shida kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki ma lauyoyinta ne. Cikin wata guda bayan ƙarar mutum sama da 420,000 suka leƙa shafin, ƙarar kuma aka yi watsi da ita. Sharhi uku ne a kanki yanzu, kuma mutane ƙalilan ne suka san da su.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar lauya. Kamfani yana iya buɗe asusun mai ɗaukar ma'aikata a shafin kyauta, daga nan ya iya amsa kowane sharhi a fili, ya kuma kai rahoton wanda yake ganin ya saɓa ƙa'idar shafin, misali wanda ya ambaci sunan ma'aikacin da ba ya cikin shugabannin ƙoli, ko ya fallasa sirrin kasuwanci, ko ya ƙunshi barazana. Idan an kama sunan manajan naki, kina da hujjar kai rahoto. Sai dai kada ki sa rai da yawa, domin shafin ba ya zama alƙali tsakanin kamfani da ma'aikaci a kan wane ne ya faɗi gaskiya, kuma biyan kuɗin talla ba ya sa a goge suka. Duk wanda ya zo miki da alkawarin zai share miki sharhin idan kin biya shi, ki yi hattara da shi.

Shawarar a sa ma'aikata su rubuta yabo ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A watan Janairun 2019 jaridar Wall Street Journal ta buga binciken da ta yi a kan miliyoyin sharhi na Glassdoor, inda ta gano kamfanoni fiye da 400 da yawan sharhinsu ya yi tashin gwauron zabi cikin wata guda, mafi yawansa yabo, kuma ta ambaci sunayen wasu. Abin da jarida ta gano da lissafi, mai karatu yana ganinsa da ido: sharhi goma sha biyar masu tauraro biyar a mako ɗaya, duka gajeru, duka da kalmomi iri ɗaya, an jera su a kan uku masu tsawo da suka faɗi abu dalla-dalla. Mafi muni shi ne ma'aikacin da aka tilasta wa yabo ya san an sa shi yin ƙarya, kuma ba zai manta ba. Abin da ya halatta shi ne, nan gaba bayan an gyara abin gyarawa, ki sanar da kowa da kowa, ba zaɓaɓɓu ba, cewa duk mai so yana iya rubuta abin da ya gani tsakaninsa da Allah, ba lada, ba tambayar wa ya rubuta wa bai rubuta ba.

To, me za ki yi? Ki zauna ke kaɗai da sharhin nan, ki karanta su kamar rahoton da wani ya kawo miki a kan kamfanin wani, ki cire zafin kalaman ki bar abin da aka ce ya faru. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mutum uku da suka bi ta wurinki sun faɗi abin da ya yi kama da juna.

Albashi kin amsa. Amma ina so ki tambayi kanki yadda makarar ta kasance daga ɓangaren ma'aikaci. An sanar da su tun kafin ranar biya, ko kuwa kowa ya yi ta duba wayarsa yana jiran saƙon banki har dare bai ji komai ba? An faɗa musu dalili da ranar da za a biya, ko sai raɗe-raɗi suka ji? Shugabanni sun jira tare da kowa, ko an sallame su tukuna? Ke a wurinki an biya kowa, magana ta ƙare. A wurin direban da mai gidan haya ya tsaya masa a ƙofa, ko magatakardar da ta ci bashi don kuɗin makarantar yara, maganar ba ta ƙare ba, musamman idan babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce musu a yi haƙuri. Ma'aikata kan jure makarar albashi idan an mutunta su da bayani. Abin da ba sa yafewa shi ne a bar su cikin duhu. Ki tsayar da ranar biya, ki yi ƙa'ida cewa idan matsala za ta taso za a sanar a rubuce tun kafin ranar, kuma masu ƙaramin albashi za a fara biya.

Batun fansho kin ce ƙarya ce, kuma na yarda da ke. Duk da haka, kafin ki ƙaryata a fili, ki sa a ciro miki takardun shaidar zubawa na kowane wata ki gani da idonki, musamman watannin da albashi ya makara, domin sau da yawa idan kuɗi suka yi ƙaranci zubin fansho ne abin da ake fara jinkirtawa, wani lokaci ba tare da shugaba ya sani ba. Idan akwai watan da aka yi jinkiri, to wanda ya rubuta ya ga wani abu ne ya zuzuta shi, kuma gara ke ki gano kafin wani ya gano miki. Idan komai daidai yake, sai ki ba kowane ma'aikaci shaidar nasa, ki nuna masa yadda zai riƙa duba asusunsa da kansa. Wannan ya fi kowace takardar lauya saurin kashe maganar. Ƙarin girma kuma maganinsa sananne ne: a rubuta sharuɗɗan kowane matsayi, a sanar da gurbi ga kowa idan ya samu, a faɗa wa wanda bai samu ba dalili.

Saura manajan, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Na lura kin ƙaryata batun fansho da ƙarfi, kin amsa batun albashi da bayani, amma da kika zo kansa ba ki ce komai ba. Ina jin kin san wanda ake nufi, wataƙila ma kin taɓa jin ƙishin-ƙishin. Irin waɗannan manajoji sukan daɗe a wurin aiki saboda suna kawo sakamako, kuma a gaban shugaba ladabinsu ba a magana, shi ya sa mai kamfani ne yake zama na ƙarshe da zai san halinsu. Ba na cewa ki hukunta shi a kan maganar wanda bai sa sunansa ba, domin shi ma yana da haƙƙin a yi masa adalci. Cewa nake ki bincika, kuma kina da abin bincike a hannunki. Ki duba mutum nawa suka ajiye aiki a sashensa cikin shekara biyun da suka wuce, ki kwatanta da sauran sassa. Ki duba masu neman a sauya musu sashe, da masu yawan neman hutun rashin lafiya. Ki sa wani amintacce wanda ba ya ƙarƙashinsa, in da hali daga wajen kamfanin, ya tuntuɓi waɗanda suka bar aiki, domin su ba su da abin tsoro yanzu. Sannan ki zauna da shi ki faɗa masa abin da aka samu, ki saurari nasa, ki gindaya masa sharaɗi a rubuce tare da wa'adi. Idan ya gyara, kin tsira da ma'aikaci mai ƙwazo. Idan ya ƙi, to ki sani duk wanda ya bar kamfaninki saboda shi, kuɗin nemo madadinsa da horar da shi daga aljihunki suke fita.

Kada kuma ki ce ai babu wanda ya taɓa kawo miki ƙararsa. Farfesa Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da suka fi samun kyakkyawan shugabanci su ne za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan rahoton kuskure, kuma da ta bi diddigi ta gano cewa sun fi sauran sakin jiki ne su faɗa, alhali a rukunin da shugaba ke da zafi mutane ɓoyewa suke yi. Rashin ƙorafi a kan teburinki yana iya zama alamar tsoro. Mutum ba ya tsallake ofishin shugabarsa ya tafi intanet ya ɓoye sunansa sai idan ya ga babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikin gida ya fito lafiya, kuma wannan ita ce babbar matsalar da sharhin nan uku suka nuna miki. A Tarayyar Turai, dokar 2019 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya samar da hanyar kai rahoton karya doka cikin sirri, a tabbatar wa mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, a ba shi bayanin inda aka kwana cikin wata 3. Ko dokar ba ta shafe ki ba, tsarin abin koyi ne ga kamfani mai girman naki: hanyar da ba ta bi ta hannun manajan da ake ƙara ba, mutum takamaimai mai karɓa, da wa'adin amsa da ake cikawa. Akwatin ƙorafin da ba a buɗewa gara babu shi.

Bayan kin duba takardun fansho kin kuma fara binciken, sai ki amsa a fili. Kada ki wuce mako ɗaya ko biyu, kuma ke da kanki za ki sa hannu da sunanki da matsayinki. Ga misalin abin da nake nufi:

"Mun gode da kuka rubuta. Gaskiya ne albashi ya makara a bara, mun san ƙuncin da hakan ya jefa ma'aikata da iyalansu, kuma muna ba da haƙuri. Yanzu mun tsayar da ranar biya, idan wata matsala za ta taso za a sanar da kowa a rubuce kafin ranar. Game da fansho, ana zuba kuɗin kowane ma'aikaci a asusunsa, kuma duk mai so, ko yana tare da mu ko ya bar aiki, yana iya neman shaidar nasa a ofishin kula da ma'aikata. Ƙorafin cin mutunci ba mu ɗauke shi da wasa ba, mun fara bincike a kansa. Ba ma neman sanin wanda ya rubuta, amma duk mai ƙarin bayani ƙofata a buɗe take."

Ki lura amsar gajera ce, ta amsa abin da yake gaskiya ba tare da kame-kame ba, ta gyara abin da ba daidai ba ba tare da kiran kowa maƙaryaci ba. Kada ki rubuta jimla ko ɗaya a cikinta da ba ki riga kin aikata ba, domin ma'aikatanki za su karanta, su kuwa sun san gaskiya. Kada ki yi shaguɓe mai nuna kin gane mai rubutun, kada kuma ki kuskura ki faɗi dalilin da ya sa aka sallami wani, ko da kuwa matashin nan ne kuma laifinsa a bayyane yake, domin bayanin da ke fayil ɗin ma'aikaci amana ce, fitar da shi kuma yana iya zama laifi a gaban doka. Kowane sharhi ki ba shi amsarsa daidai da abin da ya ƙunsa, kada a manna magana ɗaya sau uku. Ki rubuta yau, ki bar ta ta kwana, ki ba wani mai sanyin zuciya ya karanta kafin ki saka.

Kafin amsar ta fita, ki tara ma'aikatanki ki faɗa musu da bakinki, don kada su tsinci maganar shugabarsu a intanet kamar baƙi. Ki ce kin karanta, abin ya yi miki zafi, amma akwai gaskiya a ciki, kuma ba za a nemi kowa ba. Wannan alkawari na ƙarshe ki faɗe shi a gaban mataimakinki da manajoji duka, ki kuma hana su yin binciken a bayan idonki, domin akwai masu ganin sun yi miki gwaninta idan suka kawo miki suna. Kada ki yi mamaki idan kowa ya yi tsit a taron. Ba a ranar za su yarda ba, sai sun ga albashi ya shiga a kan lokaci wata bayan wata, sun kuma ga wani ya kai ƙorafi bai rasa komai ba.

Akantar da ta janye ki rubuta mata gajeren saƙo, ki gode mata da ta faɗa miki dalilinta, domin yawancin masu janyewa ba sa faɗa. Ki gaya mata abin da kika yi a kai ba tare da roƙo ko matsi ba. Daga yanzu kuma duk wanda ya zo ganawar neman aiki, ke ki fara tayar da maganar sharhin kafin ya tambaya, ki faɗa masa abin da ya faru da abin da aka gyara.

Makin taurarin ana lissafa shi ne daga abin da mutane suka bayar, saboda haka a hankali zai motsa, gwargwadon yadda sababbin sharhi na gaskiya suke shigowa. Ki daina buɗe shafin da dare. Ki ɗora wa mutum ɗaya a ofishin kula da ma'aikata alhakin duba shi sau ɗaya a wata, ya kawo abin da ya gani taron shugabanni tare da adadin waɗanda suka ajiye aiki a kowane sashe da dalilan da suka bayar, a tattauna su a zama ɗaya da rahoton ciniki.